Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Raunukan Jiki a Yawon Kiɗa da Waƙa, Nazari Daga Iku ta Suleja

Tsakure

Takardar ta dubi raunukan da jikin makaɗi da mawaƙi ke kwasa a yawon wasa gari-gari: na hanya, na wutar lantarki, na ƙara, da na gaɓoɓin da ake kiɗa da waƙa da su. An tsaya a Iku ta garin Suleja aka duba, aka kuma jingina abin da ake gani a nan da abin da ya sami mawaƙan rok na Turai da Amurka, waɗanda aka fi adana labarin raunukansu. Hujjar takardar ita ce, yawancin waɗannan raunuka tsarin biyan makaɗi ne ke jawo su, kuma ba a kan wanda ya fi samu suke sauka ba.

1.0 Gabatarwa



Nazarin waƙar baka ta Hausa ya yi nisa. Tun da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da magabatansa suka share fage, ɗalibai ke ta feɗe waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, a fito da turke da tubalansa, a tsefe salo, a auna karin murya. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne gangar jikin da ke fitar da waƙar. Mukan yi maganar kalangu kamar shi ke kaɗa kansa, alhali a rataye yake a kafaɗar wani bawan Allah, kuma kafaɗar tana ciwo. Mukan ce wane ya zaga Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da waƙa, mu wuce, ba mu tambayi a wace mota aka je ba, wa ya tuƙa, ko ya yi barci kafin ya kama sitiyari.

Abin da na dogara da shi iri biyu ne. Na farko, abin da na gani da idona a wuraren biki da majalisi da gangamin siyasa a Iku da kewayenta. Na biyu, abubuwan da suka faru a idon duniya, na gida da na waje, haɗe da abin da likitoci suka tabbatar game da kunne da maƙogwaro da barci. Na jawo mawaƙan rok cikin maganar ne saboda su idan ɗayansu ya karye akan rubuta rana da wuri da dalili. Namu kuwa sai dai a ce “Allah ya yi masa rashin lafiya,” a shafa fatiha.

2.0 Iku da hanyoyin da suka kewaye ta

Iku sunan rafi ne kafin ya zama sunan unguwa. A gefen wannan rafi, a gindin duwatsun Abuci, Abubakar Ja ya kafa garin Abuja a 1828, bayan yayansa Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau da jihadi ya fitar daga Zariya, ya rasu a wajen Lapai a 1825. Bayan shawarar kafa sabon babban birni a 1976 garin ya bar wa birnin sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Na kawo wannan ne don a tuna cewa kiɗan fadar nan, da tamburansa da kakakinsa, gadon tsohuwar Zazzau ne. Shi ma a hanya ya iso.

Yau Suleja mahaɗa ce. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta bi ta gefenta, ta Minna ta tashi daga nan, Madalla da Zuba suna kudu, Dikko da Tafa da Sabon Wuse suna gaba. Duk ayarin mawaƙan da ya taso daga Kano ko Katsina ko Zariya zai yi wasa a Abuja ta mota, ta nan zai wuce. Da yawa ma a nan suke sauka, domin masaukin Abuja ya fi ƙarfin aljihun yaran makaɗi. Maigida ya kwana a otal a cikin birni, yara su kwana a Suleja, mutum shida a ɗaki guda, kai da ƙafa, kusa da kayan sauti. Wanda ke zaune a Iku ba ya buƙatar tafiya nesa don ya ga yadda yawon kiɗa ke cin jiki. Gida yake iske shi.

3.0 Hanya

A cikin duk abin da ke raunata mai yawon wasa, hanya ce uwa. A ranar 3 ga Fabrairu 1959 ƙaramin jirgin sama ya faɗi da mawaƙin rok Buddy Holly da abokansa biyu a jihar Iowa ta Amurka. Kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne dalilin da ya sa ya ɗauki hayar jirgin: bas ɗin da suke yawo da ita cikin tsananin sanyi na'urar ɗumamarta ta lalace, har sai da aka kwantar da mai gangarsa a asibiti saboda sanyi ya ci masa ƙafafu. Tun kafin maigida ya mutu yaronsa ya riga ya kwanta. A ranar 27 ga Satumba 1986 kuma, da asuba, motar ƙungiyar Metallica ta kife a ƙasar Suwidin. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Cliff Burton, ɗan shekara 24, yana barci a ciki, ta wurgo shi ta taga ta danne shi.

Ba sai mun ƙetare teku ba. A ranar 1 ga Janairu 2007, cikin hidimar Babbar Sallah, jarumin fim Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota a hanyarsa ta zuwa Maiduguri wasan Sallah. A watan Afrilun 2010 mawaƙi Dagrin ya afka wa babbar motar da ke tsaye a gefen titi a Legas da dare, ya cika bayan kwanaki. A watan Satumbar 2011 hanyar Benin zuwa Ore ta ci mawaƙi MC Loph. Waɗannan masu suna ne, shi ya sa muka ji. A motar wasa kuwa ba a rasa mai kalangu ko ɗan amshi ko yaron kaya, kuma su jarida ba ta rubuta sunansu.

Mu dubi yadda tafiyar take. Wasan biki a wannan yanki ba ya ɗaukar zafi sai bayan isha'i, kuma ba a tashi sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare. Daga nan a kwance lasifiku, a naɗe wayoyi, a loda. Idan gobe akwai kamu a Kaduna ko ɗaurin aure a Bida, babu maganar kwanciya. Wanda zai tuƙa sau da yawa ɗaya ne daga cikin yaran, wanda tun safe yake ɗaukar kaya, ya kuma tsaya a bakin na'ura har aka tashi. Wani bincike da masana biyu, Dawson da Reid, suka wallafa daga Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarinsa da saurin lurarsa kan koma daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Idan ya kai awa 24, abin ya ninka. Ashe direban ayarin sha'irai da ya taso daga majalisin Maulidi, wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba, a bisa sitiyari daidai yake da mashayi. Ƙari a kan haka, tsakanin ƙarfe biyu na dare da asuba ne jikin ɗan Adam ya fi neman barci, kuma a daidai wannan lokaci ne ake kama hanya.

Sai lodin. Bas ce ƙirar Hiace ko Sharon, an cire kujerar baya an jera manyan lasifiku da janareta da jarkar mai, yara sun cusa kansu a tsakani, wani ma a kan lasifikar yake zaune kansa na gugar rufi. Ba a ɗaure komai ba. Ranar da aka taka birki da ƙarfi, kayan nan ba su san an tsaya ba, gaba za su ci gaba da tafiya, kuma abin da ke gabansu ƙeya ce da haƙarƙari. Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa tun tuni, to yaron makaɗi a hanya karen mota ne da fasinja da ɗan dako a lokaci guda.

Ita kanta hanyar tamu tana da nata. Saboda ma'ajiyar mai da ke Maje, tankoki ba sa yankewa a wannan yanki, ga tireloli da ke kwana a gefen titi a Tafa, wasu babu fitila babu alama. Abin da ya faru a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairu 2025, inda tankar mai ta fashe ta hallaka fiye da mutum 80, bai bar zukatan mutanen Suleja ba. A shekarun da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a hanyar Kaduna, masu hali sun koma jirgin ƙasa, har aka kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, ya tsaya sai watan Disamba. Ko a lokacin da jirgin ke aiki, maigida ne ke shigarsa. Lasifika ba ta shiga jirgi, don haka mai rakiyarta ma titi zai bi.

4.0 Dandali

Bari in ba da labarin abin da na gani a wani biki a Iku, da damina, 'yan shekarun baya. An yi ruwa da la'asar ya ɗauke, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Aka kafa rumfa, aka ja waya daga janareta zuwa na'urar sauti. Wayar guntaye uku ce aka haɗa, kowace mahaɗa an naɗe ta da baƙar leda, bakinta kuma babu fulogi, tsirara aka cusa shi cikin soket aka tokare da tsinken ashana. 'Yan amshi uku suna tsaye a kan tabarmar da ta sha ruwa, sun cire silifa. Aka fara, waƙa ta yi daɗi, mata na ta guɗa. Ƙaramin cikinsu, yaro da bai wuce shekara ashirin ba, ya kai makirufo bakinsa zai karɓi amshi. Sai muka ga ya ƙame, hannunsa ya damƙe makirufon ya kasa saki, ya tafi da baya ya faɗi. Wata tsohuwa a bayana ta ce iska ce, wani ya ce jifa ne daga abokan gaba. Mai janareta ne kaɗai ya gane, ya ruga ya kashe. Yaron ya farfaɗo, leɓensa na ƙasa ya ƙone kamar an ɗora masa garwashi. Aka ba shi ruwa, aka yi masa sannu, aka naɗe kan makirufon da hankici, aka tayar da inji. Kafin rabin awa ya koma layi yana amshi, domin uwar amarya ba ta riga ta fito liƙi ba.

Abin da ya same shi ba baƙo ba ne. A ranar 3 ga Mayu 1972, a garin Swansea na Birtaniya, mai jita Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya taɓa makirufon da wuta ta zubo masa, ya mutu a gaban masu kallo. Dalilin guda ne can da nan. Idan na'urar sauti ba ta da wayar da ke sauke ɓatacciyar wuta zuwa ƙasa, to jikin ƙarfen makirufo yakan ɗauki wutar, ta zauna tana jiran hanya. Jiƙaƙƙen leɓe da ƙafa marar takalmi a kan danshi su ne hanyar. Wutarmu bolt 230 ce, kuma ɗan abin da ya bi ta ƙirji ya isa ya rikita bugun zuciya. Akwai ƙaramar na'ura mai katse wuta nan take da zarar ta ji ta fara zurarewa, ana sayar da ita a shagunan kayan wuta, kuɗinta bai kai na lasifika guda ba. Na duba a wuraren wasa da dama a nan, ban cika ganinta ba.

Wuta takan kayar da mutum a gaban jama'a, kowa ya gani. Ƙara kuwa a ɓoye take cin nata. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi ya ce kunne na iya jure desibel 85 na awa takwas a rana. Duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Wanda ya tsaya gab da babbar lasifikar biki yana iya shan 100 ko fiye, kuma ba minti 15 yake yi ba, awa huɗu ko biyar ne, dare bayan dare. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren wasa, ta sa desibel 100 a matsayin iyaka. Mu kuwa a nan darajar mai kayan sauti ita ce a ji shi daga Iku har Kwamba.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gasu masu karɓar sauti. Idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce ƙugin da mutum ke ji bayan an tashi wasa, kamar kukan gyare. Da farko yakan tafi kafin safiya, daga baya ya zauna. A 2016 likitoci suka gaya wa Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya bar yawon wasa ko ya kurmance gaba ɗaya, ya kuwa bari a tsakiyar zagaye. Mai kula da na'ura a bikin Suleja ba shi da likitan da zai gaya masa haka. Matarsa ce za ta fara lura sai an maimaita masa magana. Ga kuma wani sharrin da ke biyo baya: mawaƙin da ba ya jin kansa sai ya ƙara ɗaga murya, shi kuma mai na'ura da kunnensa ya dushe sai ya ƙara murɗa sauti. Kowa na ƙara wa ɗan'uwansa ciwo da kyakkyawar niyya.

5.0 Kafaɗa, hannu da maƙogwaro

A lura da mai kalangu yana aiki. Maratayi na kan kafaɗar hagu, kalangun na ƙarƙashin hammata, damtse na matse tsirkiya yana saki don a sami hawa da saukar murya, hannun dama kuma na riƙe da makaɗi, wuyan hannu na karyewa yana miƙewa ba adadi. Jikin a karkace yake tun daga fari har ƙarshe. A shekara ashirin ba a jin komai. A arba'in sai ka ga mutum ba ya iya ɗaga hannun hagu ya sa riga sai an taimaka masa, jijiyar kafaɗa ta kumbura, yatsu na yin sanyi da dare. Mai kotso da yatsu yake bugu, har su yi kanta su tsage da hunturu. Matan amada, irin ayarin marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, a zaune suke a ƙasa sun sunkuya kan ƙwarya sa'o'i, ƙugu da gadon baya ke biya. Phil Collins, wanda ya shekara da shekaru yana kaɗa ganga a ƙungiyar Genesis, ƙashin wuyansa da jijiyoyin hannunsa sun lalace har ya kai ba ya iya riƙe sandar kiɗa.

Akwai wani abu da masu bugu da tafin hannu suka sani amma suke jin kunyar faɗa: bayan doguwar kwana ana kiɗa, fitsari kan fito ja kamar tsatsa. Likitoci a ƙasar Uruguwai sun bi diddigin wannan a jikin makaɗan bikin Kandombe, suka gano ƙwayoyin jini ne ke farfashewa a tafin hannu saboda yawan duka, abin da suka zubar ya bi ta ƙoda. Idan aka haɗa da ƙishirwa da zafi, ƙodar na iya jin jiki. Su kuma mabusan algaita da kakaki, masu cika kumatu suna tura iska da ƙarfi a bayan dokin sarki cikin rana, matsin yakan hau har cikin ido. Ko fatar da ake rufe ganga ba ta da tabbas. A 2006 a Amurka da 2008 a Landan an sami masu haɗa ganga da suka kamu da cutar antaras, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, daga ɗanyar fatar da ba a jeme ba, na Landan ma ya mutu. A watan Yulin 2023 kuwa a wata gona a Gajiri, cikin ƙaramar hukumar Suleja ɗin nan, gwamnati ta tabbatar da ɓullar cutar a jikin dabbobi.

Murya ta fi duka ban tausayi, domin ita ce jarin. Lokacin da bukukuwa suka fi yawa, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, shi ne lokacin da iska ta fi bushewa, ƙura ta fi tashi. Tantanin murya guda biyu ne a maƙogwaro, suna karo da juna ɗaruruwan lokuta a cikin daƙiƙa guda. Idan aka matsa musu a bushe sai su kumbura, in aka ci gaba su yi ƙulli, wani lokaci jijiyar jini ta fashe a kansu. Wannan na ƙarshe ne ya sami mawaƙiyar Ingila Adele a 2011, ta soke wasanninta aka yi mata aiki a Boston, ta yi makonni ba ta magana. Namu idan murya ta shaƙe sai a nemi zuma da citta da kanumfari, wanda ba laifi. In ta ƙi, a je kemis a yi allurar da ke sauke kumburi, murya ta buɗe na dare guda, a ƙara yi wa tantanin rauni a kan rauni ba tare da an ji zafi ba. In ta ƙi gaba ɗaya, sai a ce an kama masa murya, a shiga neman makarin sammu. Ba na raina imanin kowa, kuma na san gaba tsakanin mawaƙa gaskiya ce. Amma dushewar murya da ta wuce mako uku ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa nan Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i.

A kan wannan gajiya ne ƙwaya ke samun ƙofa. Yaron da aka ce ya yi dare uku a tsaye zai nemi abin da zai riƙe shi, kuma tiramadol na nan a kusa. An hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ba a hana dare uku a tsaye ba.

6.0 Raunin da ba shi da mai shi

Tambayar ita ce, me ya sa yaron nan na Iku ya koma layi da ƙonannen leɓe? Ba jarumta ba ce, lissafi ne. Ayarin makaɗan Hausa ba albashi yake ci ba. Kuɗin da mai biki ya bayar tun farko yawanci a mota da mai da hayar kaya yake ƙarewa. Samun yana cikin liƙi da kyauta, su kuma ba su da lokaci. Mai kuɗin da ake jira yana iya fitowa ƙarfe goma sha ɗaya, yana iya kai wa ɗaya. Wanda ya tashi da wuri don ya huta ya bar rabonsa a ƙasa. Bayan an tashi ne maigida zai zauna ya yi kaso, kuma wanda ba ya nan lokacin da kuɗi suka zuba ba ya cikin lissafi. A irin wannan tsari hutu asara ne, jinya kuma sallama ce, domin kafin ɗorin hannun mai kalangu ya kama an sami wani ya rataya kalangunsa.

A da ba haka abin yake ba, ko da yake ba na cewa da aljanna ce. Makaɗin fada, irin Narambaɗa a wajen Sarkin Gobir na Isa, yana da ubangida wanda ke ba shi doki da riga da hatsi da muhalli, kuma abin kunya ne ga basarake a ce makaɗinsa ya kwanta babu mai dubawa. Shi ma makaɗin haka yake riƙe da yaransa, yakan yi musu aure, ya raɗa wa 'ya'yansu suna. Sannan yawancinsu manoma ne. Da damina suna gona, sai an kai amfani gida ake fita yawon kiɗa, a ƙafa ko a kan doki, a sauka a gari a yi kwanaki. Shekarar da kanta ta tanadar wa kafaɗa da maƙogwaro lokacin warkewa. Mota ta zo ta haɗe garuruwa uku a kwana biyu, janareta ya mayar da dare rana, siyasa da Maulidi da gala suka cike watannin da a da ake hutawa. Muka yar da inuwar ubangida, muka riƙe kyautarsa a matsayin hanyar biya.

A kwatanta da Dave Grohl na ƙungiyar Foo Fighters. A watan Yunin 2015 ya faɗo daga dandamali a garin Gothenburg ya karye a ƙafa, aka ɗaure masa ya dawo ya ƙarasa wasan a zaune. Duniya ta yaba, kamar yadda mu ma mukan yaba wa wanda ya jure. Amma bayan daren nan ya soke manyan wasanni, aka yi masa aiki, ya yi jinya, kujerarsa na jiransa. Juriyar dare guda ce a kan gadon tsari. Juriyar yaron makaɗi kuwa babu komai a ƙarƙashinta. Har ma mukan ƙawata abin. Da mawaƙi Papa Wemba ya yanke jiki ya faɗi a dandali a Abijan a watan Afrilun 2016, abin da aka fi faɗa shi ne ya mutu a bakin aikinsa, kamar wannan ne burin kowane mawaƙi.

Doka tana nan, sai dai ba ta ganin waɗannan mutane. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun da zai biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. To ina albashin, ina takardar ɗaukar aikin? Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, amma wanda samunsa na dare ne ba na wata ba, da wuya ya shiga sai ta hanyar ƙungiya. Abin dariya, dokar da ta fi saurin isowa filin biki ita ce ta Babban Banki ta 2007, mai hukunta wanda ya yi liƙi ya wulaƙanta naira. An ji tausayin takardar kuɗin da aka taka, ba a ji na bayan yaron da ya yi awa biyar a duƙe yana tsince ta ba.

7.0 Abin da ke hannunmu

Gyaran hanyar Kaduna da ta Minna ba a hannun makaɗa yake ba. Kaso kuwa a hannunsu yake. A yanzu ma kafin a raba kuɗi akan fitar da na mota da na mai da na hayar kaya. Babu abin da zai hana a fitar da kason jinya, a ajiye shi wurin ma'ajin ƙungiya kamar adashi, a kuma amince cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki yana cikin rabo har ya warke. Da wannan asusu ƙungiyar makaɗan gari za ta iya shigar da mutanenta inshorar lafiya ta jiha a dunƙule. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda aka san ta da wasan sa'o'i biyar a dare, tana da makaɗa fiye da waɗanda ke hawa dandali lokaci guda, suna karɓa-karɓa. Ayarin kalangu ma ai ya san ɗan karɓi.

Sauran na mai biki ne da mai kayan sauti. Masauki ya shiga cikin ciniki tun ranar da aka kai goron gayyata, yadda babu mai kama hanya kafin sallar asuba, direba kuma ya zama direba kawai, ya kwanta lokacin da ake wasa. A ɗaure kaya a mota. A sa na'urar katse wuta a bakin janareta, a janye shi daga rumfa saboda hayaƙinsa, a juya bakin lasifika daga kan 'yan amshi. Abin toshe kunne na roba kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, wadda har yau take da makaɗanta da mabusanta, ita ce ta fi cancanta ta kira shugabannin makaɗa da masu hayar kaya ta ɗora su a kan wannan, domin maganar fada ta fi takardar hukuma shiga kunnensu.

Yaron nan na Iku har yanzu yana amshi, na gan shi a wani biki a Madalla bara. Tabon na nan a leɓensa. Da aka miƙo masa makirufo bai karɓa kai tsaye ba, sai da ya fara taɓa shi da bayan hannu, ya dubi ƙasa ya ga inda ƙafarsa take, sannan ya kai baki.